Karen da ya karɓi nama a hannun baƙo sannan ya cije shi: nazarin lamari

Karen namiji ne, ruwa biyu, nauyinsa kilo 18. Likitan gidan ceton dabbobi ya duba haƙoransa ya ƙiyasta masa shekara biyu zuwa uku. A titi aka tsinto shi, ya yi wata huɗu a gidan ceton, aka yi masa fiɗiya da allurar rigakafin haukan kare. Abin da aka rubuta a takardarsa game da hali layi ɗaya ne: yana da noƙe-noƙe, amma yana sakewa da wanda ya saba da shi. Mata da miji ne suka ɗauke shi. Babu ƙananan yara a gidan, sai dai gida ne mai shige da fice, 'yan'uwa a ƙarshen mako, masu kawo saƙo kusan kullum, mai gyaran famfo ko na wuta in ta kama.

Kwana goma na farko ko tari bai yi ba. Yana kwance a bayan kujera, ba ya taɓa abinci sai an kashe fitila, in an sa masa igiya ya bi ba musu. Masu gidan suka ce sun yi dace da kare mai sanyin hali. A mako na biyu ya fara bin matar gidan ɗaki zuwa ɗaki, ya fara cin abinci a gabanta, kuma a daidai nan haushi ya ɓullo. Duk wanda ya taɓa ƙofa, sai ya yi ta haushi yana ja da baya. Sau biyu ya yi wa maza gurnani a bakin ƙofa, sau biyun kuma mai gidan ya tsawata masa.

A rana ta 19 ƙanin mai gidan ya zo. Aka ba shi yankan kaza aka ce ya tsuguna ya miƙa, don karen ya san mutumin kirki ne. Karen ya matso a hankali, ƙafafun baya can a baya, wuya a miƙe kamar zai tsinke, ya fizgi naman. Baƙon ya ɗauka an shirya, ya ɗaga hannun da ya ba da naman zai shafa masa kai. Karen ya ƙame, baki a rufe, farin ido a waje, na kamar daƙiƙa biyu. Sai ya cafki bayan hannun, ya saki nan take, ya shige ƙarƙashin teburi.

Raunin shatin haƙora ne da ɗan ƙwarzane, fata ba ta huje ba. A ma'aunin cizo mai mataki shida da likitan dabbobi Ian Dunbar ya tsara, wannan mataki na biyu ne. Na uku shi ne hujin da zurfinsa bai kai rabin tsawon fiƙa ba, na huɗu wanda ya zarce haka. An wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada ga kowane cizo, an duba takardar allurar karen, an kuma tura mutumin ya ga ma'aikacin lafiya. Cizon da kare ya auna ƙarfinsa haka, ya kuma saki da kansa, yana cikin abubuwan da suka sa aka ga za a iya aiki da shi a gida.

Abin da ya haifar da cizon

Masu gidan sun dage cewa abin ya zo ba zato ba tsammani. Da aka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, sai aka ga karen ya daɗe yana magana.

Shirun kwana goman nan tsoro ne ya daskarar da shi. Kare in ya ga babu mafita, ba gudu ba faɗa, yakan daina motsi ya bar komai ya faru da shi. Haushin da ya zo daga baya shaida ce ta cewa ya fara samun gindin zama har yana iya nuna abin da ba ya so. A wannan gaɓar ce mutane da yawa ke mayar da kare suna cewa an yaudare su, alhali yanzu ne suka fara ganin ainihin dabbar da suka ɗauko.

Babban kuskuren shi ne naman da aka sa a hannun baƙo, kuma kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya kusan a kowane gida. Kwaɗayi ya ja karen ya tsallake iyakar da a karan kansa ba zai taɓa tsallakewa ba. Muddin naman yana hannu, kwaɗayi da tsoro suna ja-in-ja. Yana haɗiye shi kwaɗayi ya gama aikinsa, saura tsoro tsagwaronsa, ga shi kuma ya tsinci kansa taku ɗaya daga abin da yake tsoro. A wannan daƙiƙar hannu ya taso masa ta sama. Yadda ya miƙa wuya ya bar ƙafafun baya a nesa ya isa ya nuna jikinsa bai yarda da abin da bakinsa ke yi ba.

Likitar dabbobi 'yar Birtaniya Kendal Shepherd ta jera alamun da kare ke bi kafin cizo kamar matakalar tsani. Daga ƙasa akwai hamma, lasar hanci da ƙifta ido, sai kau da kai, juya jiki, barin wurin, kwantar da kunnuwa, raɓewa da cusa wutsiya a ƙarƙashi. Daga sama akwai ƙamewa da zuba ido, gurnani, cafkar iska, sannan cizo. Wannan karen ya gwada na ƙasan duka, ba wanda ya kula. Ya gwada gurnani, ya sha tsawa. Tsawar ba ta rage masa tsoron maza ko ƙwayar zarra ba, abin da ya koya shi ne gurnani na jawo masa faɗa daga mutumin da ya fara amincewa da shi. Don haka a rana ta 19 ya tsallake gurnanin. Karen da ke gurnani ya fi wanda aka kashe wa gurnani sauƙin zama nesa ba kusa ba, domin yana ba ka lokacin ja da baya.

Akwai kuma taruwar firgici. Da safiyar ranar mai gyaran famfo ya yi sa'a biyu a gidan yana buga ƙarfe, karen yana haki a bayan kujera. Sinadaran tashin hankali irin su kotisol ba sa sauka nan take. Abin da zai iya jurewa a ranar da ya huta, ba zai jure shi ba a ranar da aka riga aka cika masa ciki.

Tambayar da matar gidan ta fi maimaitawa ita ce ko wani ya taɓa dukansa. Mai yiwuwa, amma ba sai an doki kare yake tsoron mutane ba. Tsakanin mako 3 zuwa 12, wani lokaci har 14, ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke yanke hukunci kan wa ya kamata a saba da shi. A 1961 Freedman, King da Elliot suka wallafa gwajin da suka yi a cibiyar bincike ta Jackson da ke Bar Harbor a Amurka. Sun bar kwikwiyoyi da iyayensu a fili ba mu'amala da mutane, suna ɗauko wasu a makonni daban-daban na rayuwarsu su yi mako guda a hannun mutum. Waɗanda ba a taɓa ba sai da suka kai mako 14 sun ci gaba da gudun mutum. Gado ma yana da hannu. Binciken da Jami'ar Helsinki ta fitar a 2020 kan karnukan gida sama da 13,700 a Finlan ya samu kusan kashi 29 cikin 100 masu yawan tsoro ne, kusan kashi 15 kuma tsoron baƙi suke yi, kuma adadin ya bambanta sosai daga iri zuwa iri. Amfanin sanin wannan a aikace shi ne gyara buri. Ba a yi wa masu gidan alkawarin kare mai tarar kowa da murna ba. Abin da aka sa a gaba shi ne kare da zai ga baƙo ya tsaya cikin hayyacinsa, ya kauce in yana so, a gidan da zai bar shi ya kauce.

Likita kafin horo

Daniel Mills na Jami'ar Lincoln da abokan aikinsa sun tattara alƙaluma daga asibitocin halayyar dabbobi a 2020, suka ga ciwo yana da hannu a cikin kashi 28 zuwa 82 cikin 100 na matsalolin da ake kai musu, gwargwadon asibitin. Shi ya sa ake fara duba kunne, haƙori, ƙashin baya, gaɓoɓi da fata. A wannan karen an samu kumburi da wari a cikin kunnen hagu, kuma ta hagun ne hannun baƙon ya biyo. An ba da maganin ɗigawa na mako biyu, matar gidan kaɗai ke ɗiga masa yayin da yake lasar abinci mai laushi da aka shafa a faranti. Ciwon kunnen ya bayyana dalilin da ya sa hannun ya zame masa abin gudu a ranar. Tsoron baƙi kuwa yana nan daram bayan kunnen ya warke.

Toshe ƙofofin firgici

Mako biyu na farko ba a yi horo da baƙo ko ɗaya ba. An hana ziyara, an cire batirin ƙararrawar ƙofa, an ce masu kawo saƙo su ajiye a waje su kira waya. An ware masa ɗaki nesa da ƙofar shiga, da shimfiɗa, ruwa da abin tauna, an sa shinge mai tsawon mita ɗaya a ƙofar ɗakin a maimakon kulle shi, domin kullewa a lokacin ta riga ta zame masa hukunci. Tagogin da ke kallon hanya an manna musu leda mai dishi-dishi har zuwa inda idonsa zai kai in ya miƙe. Duk haushin da ya yi wa mai wucewa, mutumin kuma ya wuce, a wurinsa haushin ne ya kore shi, kuma gobe zai ƙara ƙarfi. Fita yawo aka mayar da ita lokacin da hanya ba kowa, minti 15 zuwa 20, a bar shi ya shinshina abin da yake so. Babban kare yana buƙatar barcin sa'a 12 zuwa 14 a yini, wannan kuwa ba ya samun ko kusa, duk motsi sai ya zabura.

Kayan fita suna da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin karen da ya firgita da baya yake zamewa. Abin wuya na yau da kullum yana sulluɓewa ta kai cikin ƙiftawar ido. An sa masa ɗamarar ƙirji mai maɗauri na uku a bayan haƙarƙari, inda ciki ya fi ƙirji tsukewa, da abin wuya mai zarge mai iyaka, wanda ke tsukewa daidai kaurin wuya ya tsaya ba tare da shaƙewa ba. Igiya biyu, ɗaya a ɗamara a hannu, ɗaya a wuya an ɗaura a ƙugun mai riƙo. Igiyar nan mai naɗe kanta an hana ta, domin in maƙallinta ya suɓuce ya faɗi, yana bin karen yana ƙara, shi kuma yana ƙara gudu. An rataya masa lambar waya a wuya, an kuma sauya sunan mai shi a rajistar guntun na'urar shaida da ke ƙarƙashin fatarsa. In ya kuɓuce, ba a bin sa da gudu, ba a ƙwala masa kira. A tsuguna ta gefe, a watsa nama, a bar ƙofa a buɗe.

Takunkumi kuma mai kama da kwando aka zaɓa, wanda zai iya buɗe baki ya yi haki, ya sha ruwa, ya karɓi nama ta cikinsa. Na ƙyalle mai matse baki ba na yawo ba ne, yana hana haki, kuma da haki kare ke fitar da zafi. An koya masa a matakai cikin mako uku, minti biyu sau biyu a rana: ya kalli takunkumin ya sami nama, ya cusa hanci da kansa ya ci nama a ciki, ya riƙe hancin daƙiƙa biyar, goma, a ɗaga maɗauri a saki, a ɗaura na daƙiƙa uku, har a kai minti 15 yana tafiya. Takunkumin ba ya zuwa wurin fuskar kare, fuskar ce ke zuwa wurinsa. Kuma sa shi ba lasisin matsar da kare kusa da mutane ba ne.

An soke tsawa, fizgar igiya, danne shi ƙasa da zuba masa ido. A binciken da Herron, Shofer da Reisner na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2009, irin waɗannan hanyoyin na arangama sun jawo martanin faɗa daga aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na karnukan da aka gwada su a kansu. Ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka, AVSAB, ta fitar da matsaya a 2021 cewa horo da lada ne ya kamata a yi amfani da shi, har ga karnuka masu cizo. Mai gidan ya kuma ji ana cewa rarrashin kare mai tsoro yana ƙara masa tsoro. Ba haka ba ne. In ya zo ya raɓu da ƙafarka, ka yi masa magana a hankali, ka tsaya tsakaninsa da abin, sannan ku bar wurin.

Aikin kansa: tazara da tsari

Hanyar ta daɗe. Tun 1924 masaniyar halayyar ɗan Adam Mary Cover Jones ta rage wa wani yaro tsoron zomo ta hanyar ba shi abincin da yake so tana matso da zomon kaɗan kaɗan, likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe kuma ya tsara ta sosai a shekarun 1950. Ginshiƙanta biyu ne: a nuna abin tsoron a ƙarfin da bai kai ya firgita ba, a haɗa ganinsa da abu mai daɗi ƙwarai.

Da farko aka auna tazara a fili mai faɗi. Mataimaki ya tsaya nesa ya ba da gefe, ba ya kallon karen. Alamun cewa tazarar ta isa uku ne: karen ya ga mutumin, yana iya kau da kai cikin daƙiƙa uku, yana kuma karɓar nama da laushin baki. In ya fara fizga har haƙori na taɓa yatsa, an yi kusa. In ya ƙi ci sam, an wuce gona da iri. Wannan karen ya nuna mita 25 ga namiji a tsaye, mita 15 ga mace. An fara da ƙarin mita biyar a kan kowanne.

Naman kaza ne dafaffe ba gishiri, ba albasa ba tafarnuwa, domin biyun nan suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Karen kilo 18 da aka yi wa fiɗiya yana buƙatar kalori kusan 980 a rana, ladan horo kuma bai kamata ya wuce kashi goma cikin 100 ba. Hakan ya kama kusan giram 60 na ƙirjin kaza, a yanka girman ƙwayar wake, ya ba da kamar guda 100. Ana rage abincin dare daidai wannan. Naman nan ba ya fitowa sai a wurin baƙo.

Tsarin shi ne komai, kuma a nan aka fi yin tuntuɓe. Mataimaki ya fito daga bayan mota ko bango. A jira karen ya gan shi. Bayan ya gani, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, mai riƙo ya fara ba shi nama ɗaya bayan ɗaya. Bayan daƙiƙa biyar zuwa goma mataimaki ya ɓuya, nama ya tsaya cak. A huta rabin minti zuwa minti ɗaya, kada hutun ya zama iri ɗaya, a sake. Fitowa goma zuwa sha biyu, zama ya ƙare cikin minti goma, sau uku ko huɗu a mako. Ba a ce masa ya zauna, ba a ce ya kalli mai shi. Ko ya yi ɗan haushi ana ba shi naman, sannan a ƙara tazara, domin abin da ake sauyawa shi ne yadda yake ji, hali zai biyo baya.

A mako na biyu da fara wannan horon matar gidan ta lura karen ya fara waige-waige cikin tsoro da zarar ta taɓa jakar nama. Da aka kalli bidiyon zaman sai aka ga dalili. Tana hango mataimakin kafin karen, sai hannunta ya riga ya shiga jaka. Tsarin ya juye, nama ya zama mai shelar zuwan baƙo. Gyaran shi ne hannu ya zauna a kan cibiya har sai kan karen ya juya wajen mutumin, a kuma riƙa yawo da jakar a gida ana taɓa ta ba tare da komai ya faru ba. Mai gidan shi kuma nasa laifin naɗe igiya ne a hannu da ya ga mutum, igiyar ta yi tsam, karen ya karanta hakan a matsayin haɗari. Aka koya masa barin igiyar ta yi lanƙwasa.

Alamar da ake jira ita ce karen ya hango mutum ya juyo wurin mai shi da sakakkiyar fuska, kamar mai cewa ina rabona. Ta bayyana a zama na shida. Ƙa'idar matsawa: alamar ta bayyana a fitowa tara cikin goma a zama biyu a jere, sannan a rage mita biyu. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. In za a sa mataimaki ya fara tafiya, ko ya fuskanto, ko ya yi magana, ko ya sa hula mai baki, ko ya riƙe sanda ko lema, sai a koma baya mita biyar tukuna. An yi amfani da mataimaka shida a wurare huɗu, domin karen da ya saba da mutum ɗaya a fili ɗaya, mutumin nan kawai ya koya. Kowane zama ana rubuta tazara, wane ne, da yadda ya ci naman. Ba don rubutun nan ba, da ranar da abu ya yi kyau za a yi zumuɗi a tsallake mataki uku.

A gefe guda an koya masa kalmar juyawa, "mu je", a cikin gida, sau da yawa, har ta zama wasa: a faɗa, a juya da sauri, a ba da nama bayan taku uku. Ita ce mafita in mutum ya ɓullo a kwana ba shiri. Mai riƙo kuma ya koyi ɗaga tafin hannu ya ce wa mai tahowa, "Don Allah kada ka matso, yana tsoro," tun yana nesa, ba kunya.

Inda aiki ya cije

A mako na bakwai an kai mita takwas, aka tsaya nan mako uku ba gaba. Ana cikin haka wani ɗan'uwa ya turo ƙofa ya shigo ba sanarwa, karen yana falo. Bai ciji kowa ba, amma ya yi fitsari a tsaye, ya yi kwana biyu ba ya cin abinci sosai, tazara ta koma mita 20. Koma baya irin wannan ana samunsa, kuma yawanci dawowar ta fi zuwan farko sauri: an ba shi hutun kwana uku, cikin kwana 12 ya dawo mita takwas. An sa sakata a ƙofar. Abin da ya fi damun likitan shi ne jinkirin farfaɗowarsa bayan kowane firgici da kuma rashin barci, shi ya sa aka kawo maganar magani.

An fara gwajin jini don duba hanta da ƙoda, sannan aka sa shi a kan fuloksetin, maganin rage fargaba, wanda ake sayar da na karnuka da sunan Reconcile. Awonsa miligiram 1 zuwa 2 ga kowane kilo sau ɗaya a rana. Likitan ya fara da miligiram 10 na mako biyu, ya ɗaga zuwa 20. Yana ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko yakan rage cin abinci ya sa kasala, abin da ya shafi horon kai tsaye tunda da nama ake yi. An rage zaman zuwa biyu a mako har cin ya dawo. Ba a haɗa shi da wani magani mai suna selejilin ko maganin kaska mai amitiraz, ba a kuma yanke shi farat ɗaya. Don ranakun da ba makawa, kamar zuwan mai gyara, likitan ya rubuta tirazodon, maganin kwantar da hankali na ɗan lokaci, a ba shi kamar sa'a biyu kafin lokaci, bayan an gwada shi a ranar da ba kowa. Haɗa magungunan biyu aikin likita ne, domin dukansu suna ɗaga serotonin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa da yawansa ke iya cutarwa. Asefuromazin, maganin sa kasala da har yanzu wasu ke bayarwa, an guje shi: yana kashe jiki ya bar tsoron a farke. Maganin bai koya wa karen komai ba. Ya dai sa yana barci, yana farfaɗowa cikin mintuna a maimakon kwanaki, sai horon ya sami wurin kamawa.

Baƙo a cikin gida

Da aka kai mita huɗu, sai aka ba baƙo nama, amma da sharaɗin da ya saɓa wa na rana ta 19. Baƙon yana zaune ya ba da gefe, ya jefa naman ya wuce karen ya faɗi a bayansa. Karen ya juya ya yi nisa ya ci, ya sami lada biyu, nama da sarari. In ya dawo, da ƙafarsa ya dawo, kuma a inda ya tsaya nan ce iyakarsa ta gaskiya. Ba a taɓa jefa naman tsakaninsa da baƙon.

Tsarin ziyara ya zama haka. A haɗu a waje, a yi tafiyar minti biyar a jere da tazarar mita huɗu ko biyar. Baƙo ya riga shiga ya zauna nesa da ƙofa. Karen ya shigo daga baya da igiya mara nauyi tana jan ƙasa, hanyar ɗakinsa a buɗe. Baƙo ba ya kallonsa, ba ya kiransa, ba ya miƙa hannu a shinshina. In karen ya zo ya shinshina ƙafa, bincike yake yi, ba neman shafa ba, hannu ya zauna a cinya, bayan daƙiƙa uku mai gida ya kira shi ya ba shi nama. Minti goma sun isa a farko, sai a mayar da shi bayan shinge da abin tauna. Lokacin da ya fi haɗari shi ne miƙewar baƙo, musamman in ya juya baya zai fita, domin a nan kare mai tsoro ke samun ƙarfin halin kai cafka ta baya. Don haka baƙo yana faɗa kafin ya tashi, a fitar da karen tukuna.

A wata na takwas ga inda aka tsaya. Yana wuce mutum a hanya da tazarar mita uku ba haushi, igiya a sake. Mutum huɗu daga dangi suna shiga yana kwance a falo, biyu daga cikinsu yana zuwa da kansa a sosa masa ƙirji, daƙiƙa uku a tsaya a ga ko zai nemi ƙari. Ƙanin mai gidan yana cikin huɗun, amma har yanzu ba ya taɓa shi. Baƙon da bai sani ba, taro, da duk wani yaro, karen yana bayan shinge ne kafin su shigo, kuma a ganinmu wannan ba mataki ba ne da za a wuce, tsarin zamansa ke nan. Wurin likita da takunkumi yake zuwa.

Da akwai ƙaramin yaro a gidan, ko da cizon ya kai mataki na huɗu, ko da masu gidan ba za su iya hana mutane faɗowa ba sanarwa ba, da shawarar ta sauya zuwa tattaunawa da gidan ceton kan nema masa gida mai ƙarancin jama'a, tare da rubuta tarihin cizon ɓaro-ɓaro ga duk wanda zai karɓe shi. Aikin da ya rage yanzu biyu ne. Ana sabar da shi da mutum ɗaya da zai kula da shi in masu gidan sun yi tafiya, da tsarin ziyarar nan, sau ɗaya a mako. Likitan kuma zai sake gwajin jini a wata na goma sha biyu, in halin ya ci gaba da tsayawa a fara rage fuloksetin da kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan 'yan makonni, ana duba littafin rubutu a ga ko tazarar ta motsa.